Zuwa da Kai Ya Fi Aike, In Ji Mai Aiken Yaro Kemis

Ranar wata Asabar bayan La'asar muna zaune a majalisarmu ta ƙofar gida, sai na yi suɓul da baka na ce likitata ta sabunta mini takardar maganin hawan jini ta waya. Da na sani da na kama bakina. Taubashina, ɗan kawuna, wanda har yau muke rigimar kuɗin shara da shi, ya dire kofin shayi ya ƙare mini kallo tun daga hula har takalmi.

"Ta waya?" in ji shi. "To ashe likitoci sun koma duba. Ƙasa ta buga maka ko wuri ta watsa?"

Majalisa ta kwashe da dariya. Ya gyara zaman hula ya ƙara da cewa, "Mu dai abin da muka gada shi ne zuwa da kai ya fi aike, kuma gani ya kori ji."

Ban tanka ba, don na san mutumina. Ba a yi minti goma ba ya fara murza goshi yana miƙa. Can ya ƙwala wa wani yaro kira, ɗan shekara bakwai ko takwas, ya damƙa masa kuɗi. "Maza je kemis ka ce a haɗa min na zazzaɓi da ciwon jiki. Ka ce a sa kafson nan ja da yalo. Saura ka tsaya ƙwallo." Yaro ya sheƙa a guje.

Na ce, "Alhaji, wannan babban jakadan da ka tura, a wace jami'a ya karanta aikin likita?"

Ya ce wannan daban. Kullum nasu daban ne.

To ku ma masu karatu da kuke taya shi dariya, ku matso kusa, da ku nake. Kai Malam da ka karkata hula kana rantsuwa ba za ka taɓa shan maganin da aka rubuta maka daga nesa ba, wa ya rubuta maka wanda ka sha makon jiya? Ba abokin aikinka ba ne ya ce shi ma haka ya ji bara, ya zaro ragowar nasa daga aljihu ya miƙo maka? Ke kuma Hajiya, ranar da jikanki ya kwana yana gudawa, ba maƙwabciya ce ta leƙo ta katanga ta faɗi sunan magani ba? Zauren dangi na WhatsApp fa, inda ake turo murya mai tsawon minti bakwai, wani da ba a san uwarsa ba a san ubansa ba yana bayanin abin da ke narkar da tsakuwar ƙoda cikin kwana uku? Kun saurara, kun ce Allah ya saka, kun tura wa wasu don neman lada. A ranar babu wanda ya tuna cewa gani ya kori ji.

Mun daɗe muna karɓar magani daga nesa, sai dai namu ta baki uku yake bi. Mace na kwance a ɗaki, ta faɗa wa maigida, maigida ya faɗa wa yaro, yaro ya faɗa wa mai kemis rabin abin da ya riƙe, sauran ya zube a hanya wajen kallon faɗan zakaru. Ciwon mara ya bar gida, ya isa kemis ya zama ciwon ciki, ya dawo da maganin tsutsa. Duk wannan bai tayar muku da hankali ba. Sai da aka ce mara lafiya zai yi magana baki da baki da wanda ya shekara shida a makarantar likitanci ya kuma ƙara da koyon aiki a asibiti, sannan kuka zaro karin magana daga kube. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kakata, wadda nake kira amaryata ita kuma take cewa ta fi ƙarfin miji marar cefane, nata ƙorafin daban ne. "Ku yaran yanzu komai waya," in ji ta. "Neman aure waya, ciniki waya, gaisuwar mutuwa waya, yanzu kuma ciwo. Bidi'a dai ba ta ƙare muku." Na ce amarya, wannan bidi'ar ta girme ki, ta girmi mahaifinki. A 1876 aka ƙirƙiro tarho. Shekara uku kacal bayan haka, a 1879, mujallar likitoci ta Lancet ta ba da labarin wani likita da aka kira da tsakar dare saboda jariri na tari, iyaye na tsoron mugun tarin nan mai shaƙe maƙogwaron yara. Ya sa aka ɗaga jaririn kusa da tarho, ya saurari tarin, ya ce ba shi ba ne, a bari sai da safe. Wannan fa shekara 24 ke nan kafin Turawa su shiga Kano.

In kuma kuna son ku ga inda abin ya zama tsari sosai, ku leƙa Ostireliya, ƙasar da makiyayi zai yi tafiyar yini guda a mota bai ga rufin asibiti ba. A 1928 wani limamin Kirista, John Flynn, ya kafa hidimar likitoci masu kai ɗauki da jirgin sama. Amma jirgi ba zai tashi don kowane ciwon kai ba, dole a sami hanyar magana. A 1929 wani maƙerin na'urori, Alfred Traeger, ya samar da rediyo mai feda, kana takawa kamar keke kana ba shi wuta kana magana. A 1942 aka fara raba akwatin magani zuwa gidajen daji, kowane magani da lambarsa. A 1951 wata nas, Lucy Garlick, ta zana hoton jikin mutum ta raba shi gida-gida da lambobi da haruffa, don mara lafiya ya iya faɗin daidai inda ke masa ciwo. Likita na can nesa, ya yi tambayoyinsa, ya ce buɗe akwati ka ɗauki lamba kaza, sau kaza a rana. Har yau ana aiki da akwatunan nan, kuma ƙa'idarsu ita ce manyan magungunan ciki ba a taɓa su sai da izinin likita.

Su kansu suna da barkwancin da suke bayarwa a kai. Wai an ce wa wani makiyayi ya ba matarsa lamba tara. Da aka waiwaye shi daga baya sai ya ce tara ta ƙare, amma ya ba ta biyar da huɗu, kuma ta miƙe garau. Da na faɗi wannan a majalisa taubashina cewa ya yi ai lissafin ya fita. Na san akwai Zazzagawa da ke can yanzu suna ƙirgawa da yatsu suna gyaɗa kai.

Bari mu taɓa takobin nan naku, gani ya kori ji. A kasuwar shanu gaskiya ne. A ɗakin likita kuwa an auna abin. A 1975 wasu likitoci a Ingila, ƙarƙashin John Hampton, suka bi sababbin marasa lafiya 80 da aka turo asibiti, don su ga a wane mataki ake gano ciwo. A mutum 66, takardar da aka turo su da ita da labarin da suka bayar da bakinsu sun isa a gane abin da ke damunsu. Duba jiki ya warware na mutum 7, gwaje-gwaje suka warware na wasu 7. Ashe ko kana zaune gaban likita, kunnensa ne ke ɗaukar kaya mafi nauyi. Ku riƙe mini waɗancan 14 ɗin a aljihu, kada su faɗi, zan dawo kansu.

Abin da taubashina bai tsaya ya ji ba shi ne yadda wayar tawa ta kasance. Likitar nan ta san ni, ta sha duba ni ido da ido, katina na gabanta. Duk da haka sai da ta faɗi sunanta, ta sa na faɗi nawa da shekaruna da lambar kati, don ta tabbata ba ƙanena ba ne ya ari wayata. Ta ce in karanto mata awon jinin da na rubuta na mako guda daga na'urar da nake da ita a gida. Ta tambayi ko ƙafata na kumbura, ko ina jiri in na miƙe, ko ina busasshen tari, don irin maganin da nake sha yakan jawo shi. Ta tambayi yaushe rabona da gwajin ƙoda. Ta tambayi me nake sha bayan nata, har da jiƙe-jiƙe da sassaƙe. Sannan ta turo takarda a rubuce: sunan magani, ƙarfinsa, sau nawa a rana, na tsawon wane lokaci, da sunanta a ƙasa. Ta yanka mini ranar da zan zo da ƙafata, ta kuma lissafa alamun da in na gani kada in tsaya neman caji, in kama hanyar asibiti. Yanzu ku faɗa mini, cikin tambayoyin nan guda nawa mai kemis ya yi wa jakadan Alhaji?

Na ji wani daga baya yana cewa, "Wannan ai cin katin waya ne. Tambaya kamar a kotu." Malam, kowace tambaya a nan da kabarin da take tsare ka daga gare shi. Ana tambayar mace ko tana da juna biyu ne saboda akwai magungunan hawan jini, irin su lisinopril, da ke cutar da abin da ke ciki. Kafson nan ja da yalo da kuke ji da shi, tetracycline, ba a ba mai ciki, ba a ba yaron da bai kai shekara takwas ba, don yana ɓata haƙora. Ana tambayar nauyin yaro ne saboda maganin yara da kilo yake tafiya. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi rubutawa, mai haɗin artemether da lumefantrine, yaro mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya yake sha a lokaci guda, mai kilo 15 zuwa ƙasa da 25 biyu, mai 25 zuwa ƙasa da 35 uku, daga 35 zuwa sama huɗu. "Ya kai kamar ɗan gidan wane" ba awo ba ne. Ana tambayar ko wani magani ya taɓa tayar maka da borin jini ne saboda akwai mutanen da in suka sha dangin Septrin ko Fansidar fatarsu kan saɓule kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Ana tambayar gyambon ciki ne saboda diclofenac da ibuprofen, waɗanda kuke afawa kamar gyaɗa bayan an tashi daga aiki, suna iya sa ciki zubar da jini, su kuma gajiyar da ƙoda. Asfirin kuwa ba a ba ɗan ƙasa da shekara 16 sai da umarnin likita.

A nan ne nauyi ya dawo kanku, kuma a nan nake jin tsoronku. Likitan da ke gabanka yana iya kama ƙaryarka da ido. Na waya kuwa abin da ka ba shi da shi zai yi aiki. Kai Alhaji da ka tsaya a shekara 49 tun zamanin da aka kawo wayar salula Nijeriya a 2001, faɗi gaskiya. In an ce me kake sha bayan wannan, kada ka ce babu alhali akwai 'yar shuɗiyar ƙwayar nan ta maza a ƙarƙashin matashi. In ta haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya jini kan faɗi warwas, amarya ta shiga takaba tun lallenta bai goge ba. Ke ma Hajiya, in kina shan sha-ka-fashe don a ce kin yi kyau ranar biki, ki faɗa, don da yawansu akwai dexamethasone a ciki, shi kuwa yana tayar da suga da hawan jini. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma don Allah a tashi daga majalisa kafin a amsa waya. Ba a sa likita a sifika gaban mai shayi da 'yan acaɓa sannan a ce an kasa faɗin inda ke ƙaiƙayi.

Ga wanda aka riga aka san ciwonsa, mai hawan jini ko suga ko asma da jikinsa ke zaune lafiya, waya rahama ce. Haka wanda aka yi wa gwaji yana jiran a karanta masa sakamako, ko mai ƙurajen da hoto mai kyau zai nuna, ko matar da kunya ta hana ta bayyana damuwarta sai ga likita mace wadda babu irinta a garinsu. Ku tuna da tsohon da zai biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya bi hanyar da ba a bi bayan La'asar, ya yanki kati, ya yini a layi, don kawai a sake rubuta masa abin da yake sha shekara biyar. Da yawa irinsa sukan gaji su daina shan maganin gaba ɗaya, sai labarin shanyewar ɓarin jiki ka ji. Haka malamin asibitin ƙauye da zai kira babban likita a birni ya karanta masa abin da ya gani, a ba shi shawara. Mara lafiya ya sami ido a kusa da ilimi daga nesa.

To ku 'yan zamani da kuke ta tafa mini tun ɗazu, masu waya biyu da abin kunne, ku dakata da tafin. Yanzu kanku zan juyo, don taubashina yana da gaskiyarsa, ko da yake ba zan faɗa a gabansa ba.

A watan Fabrairun 2001 wani saurayi ɗan shekara 18 a Kalifoniya ta Amurka, Ryan Haight, ya mutu a ɗakinsa bayan ya sha ƙwayoyin kashe zafi masu sa maye da ya saya ta intanet. Likitan da ya rubuta masa bai taɓa ganinsa ba. Mutuwar yaron nan ce ta haifar da dokar da Amurka ta kafa a 2008 mai ɗauke da sunansa, wadda ta ce kafin a rubuta irin waɗannan magunguna ta intanet sai likita ya duba mutum ido da ido aƙalla sau ɗaya. An sassauta ta a 2020 lokacin annobar korona, aka kuma yi ta muhawara a kan yadda za a mayar da linzami. A Ingila hukumar da ke sa ido kan asibitoci ta bi kamfanonin da ke duba marasa lafiya ta intanet, ta fitar da rahoto a watan Maris na 2018: a zagayen farko kashi 86 cikin ɗari ba su cika sharuɗɗan kare lafiyar mutane ba, bayan an matsa musu suka ragu zuwa kashi 43. Cikin laifukan da aka kama akwai rubuta antibayotik barkatai, da ba da ƙwayoyi masu sa maye ba tare da an sanar da likitan da ya san mutum ba. Tun 2012 majalisar likitocin ƙasar ta hana rubuta allurar gyaran fuska ta Botox ba tare da ganin mutum ba. A 2025 kuma hukumar masu harhaɗa magunguna ta ce ba a sayar da allurar rage ƙiba don kawai mutum ya cike takarda ya ce shi mai ƙiba ne, sai an tabbatar da nauyinsa da tsawonsa ta wata hanya. Kun ga ke nan ba mu kaɗai muka iya rage shekaru da ƙara kilo ba.

Indiya ma da ta fitar da ƙa'idojinta a watan Maris na 2020 kasa magunguna ta yi kashi-kashi. Akwai marasa haɗari irin su farasitamol da gishirin gudawa, waɗanda ko ta saƙo ana iya faɗa. Akwai waɗanda a ganin farko sai ta bidiyo. Akwai waɗanda sai ga wanda aka riga aka duba. Akwai kuma masu sa maye da aka ce ko kusa, ba a rubuta su daga nesa.

Mu kuwa ba sai an ba mu labari ba. Mun ga abin da kodin da taramol suka yi wa unguwanninmu, har gwamnatin Nijeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Wani binciken da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a ƙasar na shan irin waɗannan magungunan kashe zafi ba don ciwo ba. A ƙasa irin wannan, duk wanda ya ce maka shi likita ne, ka turo kuɗi ka faɗi abin da kake so ya rubuta, ɗan kasuwa ne. Sunansa mai kemis, shagon ne kawai ya koma cikin waya.

Yanzu ku fito mini da 14 ɗin nan da na ba ku ajiya. Su ne mutanen da baki bai isa ba, sai hannu ya taɓa ko an ɗebi jini. Waya ba ta da hannu. Ba ta danna ciki ta ji inda mutum zai zabura, ba ta sauraren huhu, ba ta leƙa kunnen yaro, ba ta lanƙwasa wuya ta ji ko ya sanƙare. Zazzaɓi kuwa, wanda shi ne ya fi kai mu kemis, ɗan rainin hankali ne: na cizon sauro, da taifot, da Lassa, da sanƙarau, duk da riga ɗaya suke fara sallama. Shi ya sa tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin cizon sauro, kuma gwajin nan na ɗan tsinke minti 15 zuwa 20 ne ya fito. Likitan kirki a waya zai ce je ka a gwada ka turo mini sakamako. Ba zai jefa maka antibayotik don ka ji daɗin kuɗinka ba, domin ya san ƙwayoyin cuta na koyon kauce wa magani duk lokacin da aka sha shi ba bisa ƙa'ida ba. An ƙiyasta cewa a 2019 wannan bijirewar ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya kai tsaye, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina jin jiki. Kowane ja da yalo da aka haɗiya don ciwon jiki yana cikin lissafin nan.

Akwai kuma halin da ko kiran ma ɓata lokaci ne. Yaron da ya kasa shan nono ko ruwa, ko yake amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko yake jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Babban da ƙirjinsa ya riƙe, ko numfashi ya gagara, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki. Mai cikin da ta ga jini, ko kanta ke sarawa idonta na ganin dishi-dishi. A nan karin maganar taubashina ta ci gari da yaƙi. A nemi abin hawa, in za a yi waya a yi ta a hanya.

Saboda haka in kuna son ku bambance likita da mai rigar likita, ga awo mai sauƙi. Na gaske zai faɗi cikakken sunansa da inda yake aiki, kuma ba zai ji haushi ba in ka nemi lambar rajistarsa ta majalisar likitoci ta ƙasa. Zai tambaye ka har ka ƙosa. Zai rubuta abin da kuka yi a ajiye, ya ba ka takarda a rubuce wadda za ka kai wa mai harhaɗa magunguna na gaske, shi ma ya sake dubawa. Zai faɗa maka abin da za ka yi in ba ka ji sauƙi ba. Kai kuma in ka karɓi magani ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa a kwalin ka kankare ka tura lambar, tsarin da aka fara tun 2010 don kama jabu. Babbar alama kuwa ita ce wannan: wata rana zai ce maka a'a, wannan ba na waya ba ne, zo in gan ka. Wanda bai taɓa ce wa kowa a'a ba, ka goge lambarsa.

Kun matsu ku ji yadda aka ƙare da jakada. Ya dawo bayan an idar da Magariba, ƙafa duk ƙura, da ƙulli a farar leda: ƙwayoyi kala biyar, babu kwali, babu suna, babu kwanan wata. Na ce Alhaji ya faɗi sunan guda biyu in yafe masa kuɗin sharar bana. Ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne, ya watsa su baki ya kora da shayi. Taurin kan nan dai ba daga wajen kawuna ya gado shi ba, Allah ya ja da ran kawu.

Kwana uku bayan haka, wajen ƙarfe goman dare, sai ga wayarsa. Murya ƙasa-ƙasa, kamar mai neman bashi. Wai in taimaka masa da lambar likitar nan, ba don shi ba, don wani abokinsa. Na ce a gaida abokin, na nemi izininta na tura masa. Washegari ya same ni yana huci. "Wannan likitar taka ba ta san aiki ba! Ta yi ta jero min tambayoyi, me na sha, kala nawa, fitsarina wane launi, ƙarshe ta ƙi rubuta min ko farasitamol. Wai in zo asibiti da safe a ɗebi jinina."

Na ce, "Abokin naka ne ko kai?"

Ya yi shiru.

Na ce, "To ai maganarka ta bi, Alhaji. Zuwa da kai ya fi aike. Tashi in kai ka, amma kai za ka sa mai."

Ku ma masu karatu, ban ce ku yarda da ni yau ba, na san ku da riƙo. Abu ɗaya nake roƙo. In ciwo ya zo, ku yi magana da wanda ya san aikin, da bakinku, ko a ɗakinsa ko a waya, ku faɗa masa gaskiya, in ya ce ku zo ku je. Yaron nan kuma ku bar shi ya buga ƙwallonsa.